Cokali Nawa na Sukari ke Cikin Robar Lemonka?

Idan an tashi tara, rana ta take, ba abin da ɗalibi ke marmari kamar lemo mai sanyi. Amma da za a ce ka zuba sukari cokalin shayi 12 a kofin ruwa ka shanye, da wuya ka yarda. To, kusan abin da ke cikin robar lemo mai santilita 50 ke nan, domin yawancinsu na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Sanyi da gas da ɗan tsamin da aka sa masa ne ke hana zaƙin ya ginshe ka.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga babba. Roba ɗaya ta cinye kason yini, ba a ma lissafa shayin safe ba.

Haƙori ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Ƙwayoyin cuta na baki suna mayar da sukari sinadari mai tsami da ke cinye ɓawon haƙori, kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa. Mai kurɓa kaɗan-kaɗan har a tashi makaranta ya fi cutuwa, don haƙoransa sun wuni a jiƙe. Lemo kuma ba ya ƙosarwa. Ka sha, ka ci abincinka daidai yadda ka saba, rarar ta zama ƙiba, daga nan ƙofar ciwon sukari ta fara buɗewa. Zoɓo da kunun aya ma, in aka cika musu sukari, ba su tsira ba.

Akwai kuma abin sha mai zaƙi da ya fi wannan haɗari: giyar da ake haɗawa da ɗanɗanon kayan itace, ko a tallata ta kamar maganin gargajiya. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da haramta giyar leda da ta ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200, saboda araharsu da sauƙin ɓoye su a aljihun yaro. Giya na lalata hanta, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama ginuwa sai mutum ya haura shekara 20. Kafin ka buɗe gwangwanin da ba ka sani ba, juya shi ka karanta. In ka ga lamba da alamar % kusa da “alc”, giya ce.