Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Gyara Wa Alƙalami Kuskure

"Yraa sun tfai makarnata da sasasfe." Mai karatu ba ya ɓata lokaci kafin ya gane yara ne suka tafi makaranta da sassafe, alhali kalmomi huɗu a hargitse suke.

A shekarar 2003 wani saƙon Turanci ya karaɗe intanet, wai binciken Jami'ar Kambirij ya tabbatar cewa muddin harafin farko da na ƙarshe na kowace kalma suna mazauninsu, sauran ko yaya aka cakuɗa su ba komai. Matt Davis, masanin ƙwaƙwalwa a birnin na Kambirij, ya bi diddigi, bai ga inda aka yi binciken a can ba. Sawun maganar ya kai ga kundin digirin Graham Rawlinson na 1976 a Jami'ar Nottingham.

Akwai ƙamshin gaskiya a saƙon, sai dai an zuba masa gishiri. Ƙwararren mai karatu ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Idonsa tsalle yake yi a kan layi, yana tsayawa kimanin rubu'in daƙiƙa, ya kwashi haruffan kalma a tare. Ƙwaƙwalwa ba ta matsa wa kanta kan gurbin kowane harafi. Takan laluɓo kalmar da ta fi kama da abin da aka gani, ma'anar jimla ta yi mata jagora. Bahaushe ya saba da wannan, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma ba ya ɗaukar garin tuwo a matsayin garin Kano.

To amma aikin ba kyauta ba ne. A 2006 Keith Rayner da abokan aikinsa sun auna motsin idon masu karanta Turanci. Musanya haruffan tsakiya ya rage saurin karatu da kashi 11 cikin 100, na ƙarshe kashi 26, na farko kuwa kashi 36.

Wani lokaci ma dabarar kan ci tura. "Makami" da "mamaki" haruffansu ɗaya, farko da ƙarshe ɗaya, sai jimla ce za ta raba gardama. A Larabci da Ibrananci abin ya fi tsanani, saboda ma'ana na rataye ne a jerin baƙaƙen tushe: "kataba" ya rubuta ke nan, "kabata" kuwa ya danne.