"Ba Yarana Ba Ne": Ƙaryar da ke Raya Bangar Siyasa

Duk sa'ad da aka fasa kan wani a wurin gangami, ko aka tarwatsa layin masu jefa ƙuri'a, amsar da manya ke bayarwa ɗaya ce: "Ba yarana ba ne, ɓata-gari ne suka shigo cikinmu." Abin takaicin shi ne yanzu har a majalisun ƙauyukanmu na Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Bici za ka ji dattijo da gemunsa yana tayawa, wai shi mai gidan mutumin kirki ne, yaran ne ba sa jin magana. Wannan magana ta ishe ni, domin ita ce take sa uba ya bar ɗansa ya hau motar kamfe da gariyo a cikin riga.

Banga ba ta bukatar dogon bayani. Samari ne da ake tarawa su tsorata abokan hamayya, ko ka ce musu 'yan daba, ko 'yan jagaliya. Kuma ba yau ta fara ba. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, an yi wata ƙungiya da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda ta yi suna wajen dukan 'yan NEPU. A wannan zamani kuwa Gombe ta ga Kalare, Bauci ta ga Sara-suka, Barno ta ga ECOMOG. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2011 a ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya danganta tushen fitinar Barno da irin waɗannan rundunoni da 'yan siyasa suka kafa gabanin zaɓen 2003, suka watsar da su bayan bukata ta biya. Kowa ya san abin da ya biyo baya.

Wannan dabara ta musu ba a ƙasarmu kaɗai ake yinta ba. A Ireland ta Arewa an shafe kusan shekara 30 ana zubar da jini kan ko yankin zai ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, aka rasa rayuka fiye da 3,500, kafin a yi sulhu a watan Afrilu na 1998. Wasu suka ƙi sulhun, suka rabu biyu: masu magana da 'yan jarida, da masu riƙe bindiga. Ranar 15 ga Agusta na wannan shekarar ƙungiyar Real IRA ta tayar da bam a tsakiyar garin Omagh, mutum 29 suka mutu, har da wata mai cikin tagwaye. Ƙungiyar siyasar da ake alaƙantawa da su, 32 County Sovereignty Movement, ta dage cewa ita ra'ayi kawai take yaɗawa, amma a 2001 Amurka ta sa sunanta a jerin sunayen Real IRA ɗin. Haka kuma a watan Afrilu na 2019, ɗan bindigar wata ƙungiyar mai suna New IRA ya harbe wata 'yar jarida, Lyra McKee, mai shekara 29, a birnin Derry. Jam'iyyar Saoradh, wadda ke musun cewa ita ce bakin ƙungiyar, ta yi wuf ta fitar da sanarwa tana ɗora laifin a kan 'yan sanda. Ƙawayen marigayiyar ba su karɓi musun ba. Suka tsoma hannu cikin jan fenti suka manna a bangon ofishin jam'iyyar.

Su can aƙida suke da'awa, namu kuwa kuɗin cefane ne da ƙwaya, amma tsarin ɗaya ne: wani ya riƙe lasifika, wani ya riƙe makami, idan jini ya zuba mai lasifikar ya ce bai san mai makamin ba.

To, mu bi abin a hankali. Yaron da ba ya iya sayen taki buhu ɗaya a damina, wa ya ɗaukar masa hayar bas daga ƙauye zuwa birni? Wa ya buga rigar da ke jikinsa mai hoton ɗan takara? Wa ya raba kuɗi da daddare kafin a tashi? Da aka kama shi, wayar wa ce ta fito da shi kafin gari ya waye? Ɓata-gari ba sa zuwa da jerin motoci da man fetur a tanki. Mutumin da ke da ikon cewa "ku taru" kuma a taru, yana da ikon cewa "ku ajiye makami" a ajiye. Idan bai faɗa ba, ba ya so ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Doka ma ba ta yarda da wannan musu ba, domin sashe na 227 na tsarin mulkin 1999 ya haramta wa kowace ƙungiya riƙewa ko shiryawa ko horar da mutane ko ba su kayan aiki don nuna ƙarfi a siyasa.

Gaskiya ne gonakin gado sun tsattsage, rani ba sana'a, ƙwaya ta yi arha. Amma talauci ba ya ɗaukar hayar mota.

Iyaye, ku san inda ɗanku zai kwana a lokacin kamfe. In ya ce zai bi mota, ku tambaye shi sunan wanda ya aiko ta, ku duba jikinsa da jakarsa kafin ya fita. In ya dawo da kuɗin da ba ku san tushensa ba, kada uwa ta karɓa ta sa a tukunya. Ku tura shi lambu ko koyon sana'a, ko da cin rani ne, ya fi masa zaman jiran oga.

Masu unguwanni da dagatai, duk ɗan takarar da zai shigo garinku ku gindaya masa sharaɗi a gaban jama'a: babu makami, babu baƙin samari, kuma duk ɓarnar da aka yi shi zai biya. Limamai, ku faɗa a huɗuba tun kafin kakar zaɓe cewa mai ba da wuƙa da mai sara tarayya suke a alhaki. Wanda aka ji wa rauni kada ya yarda a kashe maganar da kuɗin magani. A kai ƙara, a rubuta sunan mai sara da na wanda ya kawo shi. Iyalan mamatan Omagh sun shigar da ƙarar neman diyya da kansu, kuma a 2009 kotu ta ɗora wa mutum huɗu alhaki.

Ku kuma samari, ku lura: 'ya'yan iyayen gidan naku suna makaranta, ba ko ɗaya a cikin motar da kuke ciki. Ranar zaɓe kuwa, duk ɗan takarar da ya zo mana da 'yan gariyo, kada mu saurari rantsuwarsa. Yaransa ne, kuma bai cancanci ƙuri'armu ba.