Shin Ko Kun San? Kuɗin Intanet Da Ba Ya Tona Asirin Mai Shi

Shin ko kun san mai sayen kifi a kasuwar Argungu da takardar naira dubu ya fi mai Bitcoin rufin asiri? Takarda ba ta da baki. Ta bar hannun masunci ta shiga na mai banda, ba ta faɗin inda ta kwana. Shi kuwa Bitcoin, tun fitowarsa a 2009, duk cinikin da aka yi da shi yana nan a kundin da kowa ke iya buɗewa. Ba suna a ciki, lamba ce kawai. Amma ranar da aka gane lambar taka ce, an ga abin da ka tara da duk wanda ka taɓa biya.

Wannan ɓarakar ce wani kuɗin intanet mai suna Monero ya zo ɗinkewa a watan Afrilun 2014. Abu uku yake ɓoyewa: mai turawa, mai karɓa, da adadin kuɗin. Tun 2022, kowace turawa akan cakuɗa ta da wasu 15 na yaudara, mai bin sawu ya ga 16 ya rasa ta gaskiya. Mai karɓa kuma sabon adireshi ake ƙirƙira masa a kowane biya. A Zcash, wanda ya biyo baya a 2016, ɓoyewar zaɓi ce. A Monero dole ce.

Shin ko kun san a 2020 hukumar harajin Amurka ta sa ladar da ta kai dala 625,000 ga wanda zai iya bin sawun irin wannan kuɗi?

Mafarkin kuɗi mai sirri ma ya girmi Bitcoin. David Chaum ya kafa kamfanin DigiCash a ƙasar Holan don yin kuɗin kwamfuta mai sirri, kamfanin ya karye a 1998. Hujjar magadansa ba ta sauya ba: ɓoye aljihu ba laifi ba ne. Kuma mutumin Kebbi ba ya buƙatar doguwar lacca kan wannan. Manomin da ya sayar da buhu ɗari na shinkafa ba ya son gari ya ji, balle a zamanin da masu garkuwa da mutane ke da infoma a ƙauyuka. Mai sadaka ma ya fi son ta sirri. A ganina nan ne magadan Chaum suka fi gaskiya.

Shin ko kun san a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya, a Nuwamban 2015? A lokacin, sai da asusun banki da lambar BVN manomi ke shiga. Amfanin a bayyane yake, amma wanda ya san asusunka yana iya rufe shi: a Nuwamban 2020 kotu ta ba babban bankin izinin daskarar da asusu 20 na masu zanga-zangar EndSARS, lokacin da wasu masu tara musu gudummawa suka riga suka koma karɓar Bitcoin. Ba a jima ba, a Fabrairun 2021, aka hana bankuna hulɗa da kirifto, ba a ɗage ba sai Disamban 2023. Ita kuwa eNaira, nairar intanet ta Oktoban 2021, kundinta a hannun babban bankin yake.

Ga 'yan mainin ɗinmu, masu haƙar kirifto: Monero da kwamfutar gida ake haƙo shi, don tun 2019 aka gyara lissafinsa yadda manyan injina na musamman ba za su mamaye shi ba. Ba irin mainin ɗin dangwala waya ba ne.

To amma labulen da ya rufe manomi shi ne zai rufe ɓarawo. Masu kutse da ke kulle kwamfutocin kamfanoni suna neman fansa da Monero, shi ya sa hukumomi suka sa shi gaba. Kasuwannin kirifto na Japan sun sauke shi a 2018, Binance ma ta cire shi a Fabrairun 2024, watan da Najeriya ta tsare manyan jami'anta biyu a Abuja kan wata rigima dabam, ta faɗuwar darajar naira.