Kafin Ku Sayi Maganin Ƙarin Jini a Kasuwa

Duk ranar kasuwa masu tallar magani sukan baje kwalabe da ƙwayoyin bitamin masu araha: wannan na ƙarin jini, wancan na ƙarfin jiki, wani kuma na sa cin abinci. Wasu iyalai har sukan sayar da mudu ɗaya ko biyu daga rabon abincinsu don su saya. An ce araha ba ta ado, amma a sha'anin bitamin ba kuɗi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne abin da ke ciki, da yawansa, da kuma ko jikin mutum yana buƙatarsa.

Waɗanda ake bayarwa kyauta

Bitamin da suka fi muhimmanci ana ba da su kyauta a asibitin sansani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha sinadarin ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid mikrogiram 400 kowace rana. Ƙwayar da ake ba ta wajen awo ke nan. Yaro ɗan wata 6 zuwa 11 ana ɗiga masa bitamin A daga shuɗin kafso, daga shekara 1 zuwa 5 kuma daga ja, duk bayan wata 4 zuwa 6. Man girkin da ake rabawa an ƙara masa bitamin A da D. Wanda ya sayar da man ya sayi kwalbar kasuwa, ya yi asara sau biyu.

Abubuwan dubawa

1. Sunan sinadaran da yawansu. Idan hoton ƙato mai damtse kawai aka zana, babu lambobi, ku bar shi.
2. Ranar ƙarewar aiki. Ana rubuta ta bayan haruffan EXP, ko da Turanci aka yi rubutun ko da Faransanci. Idan an kankare ta ko an manna wata takarda a kai, kada ku saya.
3. Sunan kamfani da lambar rajista. Kayan da suka fito daga Najeriya suna ɗauke da lambar NAFDAC. Rashinta alamar haɗari ce, amma ku sani masu jabu ma suna buga ta.
4. Inda aka ajiye shi. Zafin rana da danshi suna lalata bitamin. Ƙwayar da ta manne, ta canza launi ko ta farfashe, da wadda aka ƙulla a leda babu suna, ba abin sha ba ce.

Abin da ke yaudarar mutane

Fitsari ya yi ɗorawa bayan shan bitamin B, ba shaidar ƙarfin magani ba ce. Rarar da jiki bai ɗauka ba ce ke fita. Wasu magungunan sa ƙiba kuma ba bitamin ba ne sam. Akwai masu ɗauke da deksametazon, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da sukari, ya raunana garkuwar jiki.

Bitamin ba ya warkar da zazzaɓin cizon sauro, ba ya kashe tsutsar ciki, alhali su ne sukan jawo ƙarancin jini. Idan tafin hannun yaro ko cikin idonsa ya yi fari, a kai shi gwaji, ba kasuwa ba. Mai ciki kada ta sha kafson bitamin A na yara, yana iya cutar da ɗan tayi. A ɓoye ƙwayar ayon inda hannun yara ba zai kai ba, domin yawanta yana kisa.

Kuɗin kwalba ɗaya zai fi amfani idan aka sayi wake, gyaɗa, zogale, ƙwai ko busasshen kifi. Wanda ya riga ya sayi magani yana shakkarsa, ya kawo shi da kwalinsa asibiti ma'aikatan lafiya su duba masa. Ba a biyan ko sisi.