Agogon hannunka ya iya ƙirga taku, amma kada ka ci abinci da lissafinsa

Agogon da ke ƙirga taku ya daina zama kayan masu hannu da shuni. Duk kasuwar 'yan waya da ka shiga za ka tarar da shi, daga mai tsada a cikin gilashi zuwa wanda ake bazawa a tebur. Wanda bai da agogon ma wayarsa tana yi masa ƙirgen. Da yamma sai allo ya nuna cewa yau an yi taku 8,000, an kuma ƙona kalori 450, mutum ya ji ransa ya yi fari. Waɗannan lambobi biyu suna fitowa gefe da gefe, da rubutu iri ɗaya, shi ya sa mutane ke ba su amana iri ɗaya. Alhali ta farko tana kusa da gaskiya, ta biyun kuwa kintace ne.

Agogon ba ya ganin ƙafarka. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, wadda ke lura da girgizar hannu ta sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Idan girgizar ta yi kama da ta mai tafiya, sai ya rubuta taku. A tafiya ta sosai a kan hanya mai kyau, agogo mai inganci ba ya kaucewa da yawa. Matsalar tana tasowa ne a inda hannu ke motsi ƙafa tana tsaye, ko ƙafa ke tafiya hannu yana tsaye. Matar da ta yi daka ko wanki za ta iya samun ɗaruruwan taku ba ta bar tsakar gida ba. Wanda ya hau acaɓa a hanya mai ramuka, shi ma agogo yana iya ba shi ladan tafiyar da bai yi ba. Ɗan garuwa da ke tura kura kuwa, hannuwansa biyu a kafe a jikin ƙarfe, zai iya zagaye unguwa agogo ya ƙware shi; haka mai tallan da ta dafe faranti a ka. Tsoho ko mara lafiya mai jan ƙafa a hankali shi ma yawanci ana rage masa. Ita waya sai tana jikinka take ƙirgawa, don haka duk zirga-zirgar da ka yi tana kan caji ta tafi a banza.

Wannan kuskuren mai sauƙi ne, tunda mutum zai iya gane shi da kansa. Ka tsaya, ka duba lambar, ka yi taku 200 kana ƙirgawa da bakinka, ka sake dubawa. Kalori ne ba ka da hanyar tantancewa a gida.

A shekarar 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Euan Ashley, sun gwada agoguna bakwai a jikin mutum 60, ciki har da Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2. An sa mutanen zama da tafiya da gudu da tuƙa keken motsa jiki, ana auna zuciyarsu da na'urar asibiti, ana kuma auna numfashinsu, domin yawan iskar oksijin da jiki ya sha shi ne ke nuna ainihin ƙarfin da ya ƙona. Wajen bugun zuciya agogunan sun fita kunya: shida daga cikin bakwai kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Da aka zo kan kalori, babu ko ɗaya da ya ci jarabawa. Wanda ya fi kusantar gaskiya ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe ya kauce da kashi 93. Kuma waɗannan na manyan kamfanoni ne, ba marasa suna da ake sayarwa a bakin titi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Agogo ba ya auna numfashi. Abin da yake da shi shi ne shekarunka da tsawonka da nauyinka da jinsinka, waɗanda kai ka shigar masa, sai motsin hannu da bugun zuciya. Daga nan yake lissafi da ma'aunin da aka gina a kan wasu mutanen daban. Bai san yawan tsokar jikinka ba, bai san ko ka saba da wahala ba, bai san zafin rana ne ko fargaba ko shayi mai kauri ya ɗaga maka zuciya ba. Mutum biyu masu nauyi ɗaya za su yi tafiya ɗaya, abin da suka ƙona ya bambanta. Sau da yawa ma mai agogon bai gyara nauyinsa ba tun ranar da yaron shago ya saita masa, in ma ba na wani aka bari a ciki ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogo shi ne ke leƙa gudanar jini a ƙarƙashin fata don ƙirga bugun zuciya, kuma baƙar fata ta fi shanye koren haske. Binciken Stanford ya ga kuskure ya ƙaru a masu duhun fata da masu ƙiba. Wani binciken da aka yi a Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci tsakanin launukan fata ba, sai dai ya gano cewa kuskuren ya fi yawa lokacin motsa jiki fiye da lokacin hutu. Abin da ke hannun mai agogo shi ne ya ɗaure shi ya kama fata, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu, kada ya bar shi yana lilo.

To, ina cutar take? Tana wajen cin abinci. Mutum ya dawo daga zagayen safe, agogo ya ce ya ƙona 400, sai ya ga ai ya samu rara, ya kora da lemon kwalba mai sanyi. Tafiyar sauri ta rabin awa ga mai nauyin kilo 70 ba ta wuce kalori 150 ba, kwalba ɗaya ta lemo kuwa kusan hakan take ɗauke da shi. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyada kalori 120 ne, balle a zo ga ƙosai da soyayyar doya. Ga shi jiki ma yana da nasa wayon. Wani bincike da aka buga a 2021 a kan mutum fiye da 1,700 ya nuna cewa idan aka ƙona kalori 100 ta motsa jiki, jiki yakan rage kusan 28 daga abin da yake kashewa a sauran ayyukansa na ciki. Wannan ragin babu agogon da ke ganinsa.

Shi ya sa sakamakon wani gwaji na Jami'ar Pittsburgh, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2016, bai kamata ya ba da mamaki ba. An bi mutum 470 masu son rage ƙiba har shekara 2, duk ana ba su shawarar abinci da motsa jiki, amma rabinsu aka ƙara musu na'urar da ke lissafa motsi da kalori. Masu na'urar sun rage kilo 3.5, marasa ita sun rage kilo 5.9.

Shi kansa taku 10,000 da agogo ke matsa wa mutane su cika, ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, jim kaɗan bayan wasannin Olamfik na Tokyo, ya sa mata wannan lamba a sunanta don talla, duniya ta ɗauka. Da Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bi tsofaffin mata sama da 16,000, rahotonta na 2019 ya nuna cewa masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Saboda haka Hajiya mai ciwon gwiwa ba ta da dalilin wahalar da kanta da dare tana zagaye ɗaki don allo ya yi mata tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mintoci take magana: 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici ga baligi.

Ni ban ce a jefar da agogo ba. Yana da amfani ga ma'aikacin da ke wuni a kujera yana zaton yana motsi, sai ya ga 2,500 da magariba ya san gaskiyar zamansa. Tunda kuskuren agogo ɗaya yakan tafi a hanya ɗaya, kwatanta wannan makon da wancan a hannu guda yana da ma'ana. Kwatanta lambarka da ta abokinka mai wani agogon daban ne ɓata lokaci. Mai son sanin ko yana raguwa, sikeli da igiyar awon tela a ƙugu sun fi allon kalori faɗin gaskiya.

Inda abin ya wuce wasa shi ne agogunan da ake tallatawa da cewa suna auna hawan jini da sukari. Mai hawan jini ya riƙe na'urar da ake ɗaurawa a dantse, kada ya rage ko ya daina shan magani don agogo ya nuna masa lamba mai daɗi. Game da sukari kuwa, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon suga da ya yi allurar insulin bisa lambar ƙarya, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma cikin sa'o'i kaɗan.