Lacuna: Giɓin Gaske da na Ƙarya

Daga Latin Ingilishi ya aro kalmar "lacuna", inda take nufin rami ko kududdufi. Manazarta tsofaffin littattafai kan kira gurbin da gara ko ruwa ya ci a takarda da ita. A Nijeriya kuwa, lauyoyi sun mallake ta. Da Abubakar Audu ya rasu a Nuwambar 2015, ba a kammala zaɓen gwamnan Kogi ba, doka ba ta fayyace wanda zai gaji takararsa ba. Wannan giɓi ne na haƙiƙa, sai Dokar Zaɓe ta 2022 ta cike shi. Abin takaici, da zarar wani sashe ya takura wa babban mutum, sai lauyansa ya ce akwai lacuna, alhali rubutun yana nan ɓaro-ɓaro.