Injin ruwa biyu da iskar tobo

Wani saurayi ya taɓa shigo mini gareji da Honda Accord samfurin 2004, irin wadda ake kira End of Discussion, yana saɓe da buhu. Ya zazzage buhun a gabana, sai ga tobon injin dizal da ya samo a kasuwar Ƙofar Ruwa, duk ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Oga, wannan nake so a ɗaura mini kafin Sallah." Na ce, "Ƙanena, samu wuri ka zauna tukuna. Ɗaurin aikin kwana biyu ne. Abin da za a ɗaura shi a kai ne zai ci mana wata uku."

Inji wuta ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ba yawan gawayi ke narka ƙarfe ba, zuga ce. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai ba wuya, iskar ce ke da iyaka, domin inji na yau da kullum iya abin da sararin sama ya tura masa yake shaƙa, wato matsi kusan bar 1. Shi ya sa direban da ya hau Jos, mai tudun mita 1,200 da ɗoriya, yake jin motarsa ta yi sanyin jiki. Iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba.

Zugazugin mota iri biyu ne. Akwai sufacaja, wanda bel ke juyawa daga karanshaf. Asalinsa ma na maƙera ne: wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar ƙirarsa a 1860, aka riƙa hura tanderun narka ƙarfe da shi. Jikansa ne ke cikin Marsandin da kake gani an rubuta wa Kompressor a baya. Kana taka totur yake amsawa, amma daga ƙarfin injin yake cin ladansa. Sai tobo, wanda Alfred Büchi, injiniya ɗan Suwizalan, ya yi wa rajista a 1905. Shi hayaƙin salansa ke juya shi, abin da dā asara ne, kuma farfelarsa na iya wuce juyi 150,000 a minti ɗaya. Aibinsa, sai inji ya ɗan ɗau wuta kafin ka ji shi.

To, abin da za a ɗaura tobon a kai fa? Nan ne maganar injin ruwa biyu ta shigo. Ba irin Prius nake nufi ba, mai haɗa batir da fetur. Inji nake nufi wanda bulok ɗinsa daga gida ɗaya, top silindarsa daga wani gidan. Injin wannan Accord, K24, ciki gare shi: faɗin silinda milimita 87, tafiyar fistin milimita 99, jimilla cc 2,354, ƙarfin doki 160. Amma top ɗinsa an yi shi ne don tattalin mai, numfashinsa gajere. Ɗan'uwansa K20A2 na Civic Type R ƙarami ne, cc 1,998, sai dai top ɗinsa na da hanyoyin iska masu kyau, kuma VTEC ɗinsa, tsarin da ke ƙara buɗa bawul, yana aiki a bawul ɗin shiga da na fita duka. Ka ɗora wannan kai a kan wancan gangar jiki, ka sami babban ciki da buɗaɗɗen maƙogwaro. Masu Toyota ma suna yin irinsa da bulok ɗin 2JZ da top ɗin 1JZ. Notuna suna shiga ramukansu lafiya lau, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Bulok ɗin K24 ya fi na K20 tsawo da kusan milimita 20, don haka sarƙar taimin ta K24 za ka riƙe. Sannan sai ka manna ɗanyen yumɓu a kan fistin, ka rufe top, ka juya injin da hannu, ka buɗe ka auna wurin da bawul ya dangwala. In tazarar ta yi kaɗan, ranar da inji ya yi sama za su yi karo.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne matsi. Fistin yana danne iska da mai kafin filogi ya kunna. A K24 na Accord yana matse kashi 9.7 ya koma 1, a K20A2 kuwa 11. Iska in an matse ta zafi take yi, tobo kuma ya riga ya matse ta sau ɗaya tun kafin ta shigo. Idan zafin ya wuce abin da fetur zai jure, ragowar man da wutar filogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ba bugawar inji ba ce da muka sani ta rashin baƙin mai, amma ta fi ta saurin kisa. Shi ya sa Toyota ta sauke matsin 2JZ mai tobo zuwa 8.5, alhali marar tobon yana kan 10. Oldsmobile kuwa, da ta fito da Jetfire a 1962, ɗaya daga cikin motocin gida na farko masu tobo, ta bar matsin a 10.25, ta sa wani ɗan tanki na ruwa da sinadarin metanol yana fesawa don sanyaya wutar. Masu motar suka riƙa barin tankin ya ƙafe, kuma bayan shekara biyu aka daina ƙera ta.

Ni ma na ga wannan da idona a aikina na farko. Na kai top wurin masu goge fuskarsa, aka ci ƙarfen fiye da yadda na faɗa, ban sake aunawa ba na ɗaura. Ɗakin wuta ya ƙanƙance, matsi ya hau. Ba mu yi mako guda ba fistin na uku ya narke ta gefe. Mai motar bai yi mini faɗa ba, kallon injin kawai ya tsaya yi, kuma kuɗin da ya tara na shekara ne a ciki. Tun ranar, kowane top sai na kifa shi, na rufe ɗakin wutar da gilashin roba mai ɗan huji, na ɗura ruwa da sirinji ina ƙirga cc, silinda bayan silinda.

Sauran kayan ciki suna bin wannan lissafin. Fistin da kwanrod na asali zubi ne ko kuma an yi su daidai nauyin da kamfani ya tsara, don haka a babban matsi ana sa waɗanda aka ƙera da duka, masu ɗan kwarmi a ka don rage matsi. Zoben fistin yana da 'yar tsaga, kuma a injin tobo ana ƙara buɗa ta da zarto, domin zafi na miƙar da zobe. In bakunansa suka haɗu, sai ya ɓalle kafaɗar fistin. Gaskit na ƙarfe mai hawa-hawa, da notunan top masu ƙarfi. Bututun baƙin mai ɗaya ya hau tobo, wani mai faɗi ya gangaro da shi ba tare da lanƙwasa ba.

Iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru. Nozul manya, famfon mai babba, da birenbos da za a iya sake wa lissafi da kwamfuta. Lokacin da tobo ke hurawa muna sauke awon iska da mai daga 14.7 zuwa wajen 11.5, saboda rarar man tana sanyaya ɗakin wuta, muna kuma jinkirta tartsatsin filogi. Wanda ya kwafo lissafin da aka yi a Jamus ko Japan ya manta abu biyu. A Kano watan Afrilu zafi na haura digiri 40, sannan man da ka sha yau a wannan gidan mai ba lallai ya zama irin na gobe ba. Don haka lagireton sanyaya iska da ake sawa a gaban mota, a wurinmu ba ado ba ne, kuma ni kullum nakan bar wa inji rara.

Tobon saurayin nan dai ba mu yi aiki da shi ba. Na babban inji ne, K24 ba zai iya juya shi ba sai ya kusa ƙure juyinsa, ga sandarsa tana girgiɗi. Ya mayar, muka nemo daidai da injin, muka canza kuloci da birki tun kafin mu taɓa totur. Sallah ta wuce motar na kan jak. Da muka tayar, sai da ya yi kilomita 1,000 a hankali zobba suka zauna, sannan na saita ƙofar da ke zubar da rarar hayaƙi a kan rabin bar. Bayan sallar asuba muka fita hanyar Zariya, iska da sanyinta, shi a sitiyari, ni da kwamfuta a cinya, kunnena na kan injin. Muka ja giya ta uku sau biyu, na ce ya tsaya a gefen titi. Na kwance filogi huɗun ina hura yatsuna, na jera su a kan tsumma. Duka huɗun launin ƙasa-ƙasa ne, babu ɗigon ƙarfe ko ɗaya a farin bakinsu.